Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Jihar Texas kan albashin sherif da ma'aikatansa

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, mun rubuto muku ne a kan doka mai lamba SB 22 da kuka zartar a 2023, wadda ta yanka mafi ƙarancin albashi ga sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban tsaro na gunduma, da mataimakansa da gandirobobinsa a ƙananan gundumomi, ta kuma ɗora wa jiha taimakawa wajen biya. Dokar ta yi rana, kuma ba mu zo rushe ta ba. Damuwarmu ita ce an dogara da kuɗin da sai an sake ware shi duk bayan shekara biyu, an kuma tsayar da alƙalumanta cak a farashin 2023. Albashin da aka kafa a kan wannan tushe bai zauna da gindinsa ba tukuna. Roƙonmu shi ne jiha ta rungumi wannan nauyi a matsayin nata na dindindin, domin kaso mai tsoka na aikin da sherif ke yi, aikin jiha ne.

Da yake 'yan'uwanmu da yawa za su karanta wannan wasiƙa, na nan da na gida, ku yi mana uzuri mu fara da abin da kun riga kun sani.

Texas tana da gunduma 254, kowace da sherif ɗinta, wanda jama'ar gundumar ke zaɓa duk shekara huɗu kamar yadda tsarin mulkin jihar ya tanada. Ba gwamna ke naɗa shi ba, ba ya kuma karɓar umarni daga wata hedikwata a Austin, babban birnin jihar. Shi ke ɗaukar mataimakansa, shi ke sallamarsu. Sai dai lalitar ba a hannunsa take ba. Kasafin ofishinsa yana hannun majalisar kwamishinonin gunduma, wato alƙalin gunduma da kwamishinoni huɗu, su kuma mafi yawan kuɗinsu daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Aikin ofishin ya haɗa da sintiri a duk inda babu 'yan sandan gari, riƙe gidan wakafi, tsaron kotu, kai sammaci da zartar da takardun kamu, da ɗaukar masu taɓin hankali zuwa asibiti bisa umarnin alƙali. Ko saniya ce ta tsallake shinge ta fito titi, sherif doka ta ɗora wa kama ta, ya nemi mai ita, in ba a same shi ba ya sayar da ita. A gundumar da mutanenta ba su kai 10,000 ba, tsarin mulki ya ce shi ne ma mai karɓar haraji, sai fa in masu zaɓe sun raba ofisoshin biyu.

Abin da SB 22 ta yi a fili yake. Gundumar da mutanenta ba su wuce 300,000 ba tana iya neman tallafi kowace shekara daga ofishin kwanturolan kuɗin jiha, kuma bisa ƙidayar 2020 gunduma 236 ce ta shiga wannan layi. Wadda ba ta kai mutum 10,000 ba tana samun dala 250,000. Daga 10,000 zuwa ƙasa da 50,000, dala 350,000. Daga 50,000 zuwa 300,000, dala 500,000. Sharaɗin farko shi ne a kai albashin sherif dala 75,000 a shekara, na mataimakin da tare motoci a hanya yake cikin aikinsa na yau da kullum dala 45,000, na gandiroba dala 40,000. Sai an cika wannan sannan a taɓa ragowar, ita ma a abu uku kawai: ƙara wa waɗannan mutane albashi, ɗaukar sababbin ma'aikata, ko sayen motoci da bindigogi da kayan kariya. Kun ware kimanin dala miliyan 330 na shekara biyu, haɗe da kason ofisoshin masu gabatar da ƙara da na kwanstabul, wato zaɓaɓɓen jami'in tsaro na yankin gunduma. Maƙwabciyarku Oklahoma ta bi sahu a 2024 da nata tallafin na dala miliyan 18.

To, bari mu ɗauki alƙalami mu ga inda dala 250,000 ke kaiwa. Wannan misalin lissafi ne, ba wata gunduma muke nufi ba. A ce gunduma ce mai mutum 9,000, da mataimaka shida kowane yana karɓar 36,000, da gandirobobi goma kowane 30,000, sherif kuma 55,000. Ɗaga mataimaka zai ci 54,000, gandirobobi 100,000, sherif 20,000, jimilla 174,000. Amma albashi ba ya tafiya shi kaɗai. Kowace dala da aka ƙara tana jan kashi 7.65 cikin 100 na harajin tarayya da mai ɗaukar ma'aikaci ke biya, sannan ga kason gunduma a asusun fansho, a ɗauka kashi 10 ne. Wannan ya ƙara kusan 30,700. An tashi da sama da 204,000, saura kimanin 45,000, wanda da ƙyar zai sayi motar sintiri ɗaya, balle a yi maganar rediyo da fitilu da kejin baya da kyamarar da ake ɗora mata. A irin wannan gunduma kusan duk tallafin ya koma albashi tun shekarar farko, kuma haka zai ci gaba da zama.

Nan ne gizo ke saƙar. Mota in an saya an gama. Albashi kuwa alƙawari ne da ke dawowa duk sati biyu. Majalisarku tana zama ne a shekarun da ba sa rabuwa biyu, na kwana 140, ta yi kasafin shekara biyu. A 2023 kun zauna da rarar sama da dala biliyan 32 a baitulmali, kuma a wannan yalwa aka haifi dokar. Tattalin jihar nan yana tafiya da farashin mai da iskar gas, duk wanda ya ga 2015 da 2020 ya san yadda abin ke juyawa. Ranar da kasafi ya matse, majalisa ba ta buƙatar soke SB 22 kafin ta kashe ta, rage kuɗin kawai ya isa. A ranar gundumar misalinmu za ta wayi gari da giɓin dala 200,000. Ba za ta iya cike shi da ƙarin haraji cikin sauƙi ba, domin ku da kanku a 2019 kuka taƙaita ƙaruwar harajin kadara na gudanarwa a kashi 3.5 cikin 100 a shekara, in za a wuce da yawa sai an je ga masu zaɓe. Abin da zai rage mata shi ne ta zaftare albashin da mutane suka riga suka ci bashin gida da na mota a kansa, ko ta sallami mataimaka uku ko huɗu daga cikin shida. Kwamishinoni sun san da wannan haɗari, shi ya sa mai taka-tsantsan a cikinsu zai fi son a zuba ragowar kuɗin a mota da bindiga a kan a ɗauki sabon mutum, ko da mutum ne ofishin ya fi buƙata. Muna roƙo ku ba wannan tallafi asusu na kansa da tushen kuɗi tabbatacce, ku kuma rubuta a doka cewa in za a rage shi, sai an ba gundumomi sanarwar cikakken zangon kasafi guda, a kuma rage shi daki-daki.

Wani zai ce ai sherif ɗan gunduma ne, gunduma ta zaɓe shi, ita ya kamata ta ciyar da shi. Wannan magana tana da nauyi a kan takarda, amma a leƙa cikin gidan wakafi a ga su wa ke ciki. Wanda aka kama da laifin da dokar jiha ta haramta, kotun jiha za ta yi masa shari'a da sunan jihar Texas, a ɗakin gunduma yake jira. In an yanke masa hukuncin zaman gidan yarin jiha, bayan an kammala takardunsa hukumar gidajen yari tana da har kwana 45 kafin ta karɓe shi, kuma a wannan tsakani gunduma ce ke ciyar da shi da tsare shi. Wanda jiha ta saki bisa sharaɗi ya karya sharaɗin, jiha ce ke fitar da takardar kamunsa, gunduma ce ke ba shi gado. Mafi tsanani su ne waɗanda kotu ta ce hankalinsu bai kai su fuskanci shari'a ba, sai an yi musu magani a asibitin jiha. A 'yan shekarun nan layin jiran gado ya haura mutum 2,000, wasu suna shafe watanni masu yawa, kuma a ina suke jira? A gidan wakafin gunduma, a hannun gandiroban da horonsa na farko makonni kaɗan ne. Ga kuɗin magani kuma, tun da shirin Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ga marasa ƙarfi, ba ya biyan jinyar wanda ke tsare a ɗaki, gunduma ce ke ɗauka. Ciwon zuciyar fursuna ɗaya yana iya lashe kasafin lafiya na shekara a ƙaramar gunduma, tare da ɗauke mataimaki daga hanya ya je ya zauna gadi a bakin gadon asibiti dare da rana.

Kuma kaya ƙaruwa suke yi. Bayan kisan yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare ta Uvalde a Mayun 2022, kun wajabta jami'i mai bindiga a kowace makaranta, kun ɗora wa sherif na ƙananan gundumomi shirya taron tsaron makarantu sau biyu a shekara, kun kuma ƙara awa 16 na horon tunkarar ɗan bindiga a kowane zangon horo. Ba mu da ja a kan ko ɗaya. Amma jami'an da makarantu ke ɗauka daga rijiya ɗaya ake ɗebo su da mataimakan sherif, kuma aikin makaranta ba shi da kwanan dare. A 2025 kun ƙara da dokar da ta sa sherif mai gidan wakafi ya nemi yarjejeniyar aiki da hukumar shige da fice ta tarayya. Duk ranar da ma'aikaci ya tafi horo, wani ne zai cike gurbinsa da kuɗin ƙarin lokaci. Wanda ke ƙara aiki daga Austin, ya dace ya ƙara kuɗi daga Austin. Jihar Virginia ta daɗe da karɓar wannan: tana da hukumar jiha da ke biyan kaso mafi girma na albashin sherif da mataimakansa kai tsaye daga kasafinta, da ma'aunin mataimakin sintiri ɗaya ga kowane mutum 1,500.

Sai batun alƙaluman kansu. An rubuta 75,000 da 45,000 da 40,000 a cikin doka, babu wani sashe da ke motsa su. In farashi yana hawa da kashi 3 cikin 100 a shekara, cikin shekara huɗu dala 45,000 za ta sayi abin da 40,000 ke saya a farko. Wato mataimaki ya sauko matakin gandiroba ba tare da kowa ya taɓa masa albashi ba. Tallafin ma haka, 250,000 ce a bana, 250,000 ce baɗi, alhali inshorar lafiya da farashin mota ba su tsaya jiran kowa ba. Missouri ta samo wa wannan magani a 2021: ta ɗaure albashin sherif da na alƙalin kotun jiha, kashi 80 cikin 100 a manyan gundumomi, kashi 45 zuwa 65 a ƙanana gwargwadon darajar kadarorinsu. In albashin alƙali ya motsa, na sherif ya bi shi. Kuskuren da bai kamata ku kwaikwaya ba shi ne ɗora ƙarin a wuyan gunduma ita kaɗai. Ku ɗaure matakan uku da wani ma'auni mai motsi, ko ma'aunin hauhawar farashi ko albashin ɗan sandan babbar hanya na jiha, ku kuma sa tallafin ya riƙa hawa tare da su a rana ɗaya.

Akwai kuma waɗanda dokar ta tsallake, kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar da ƙura a cikin ofisoshi. Mai karɓar kiran gaggawa ba ta cikin jerin. Ita ce ke ɗaukar waya da ƙarfe uku na dare, ta gane wane titin ƙasa mai kiran yake nufi, ta tura mota, ta duba lambar motar da mataimaki ya tare, ta ci gaba da kiransa a rediyo har ta ji muryarsa. Hukumar da ke ba ɗan sanda lasisi ita ke ba ta nata, kuma tun 2019 dokar jihar nan ta sanya ta cikin masu kai ɗaukin farko. Amma SB 22 ta yarda a ɗauki sabuwa da kuɗin tallafi, ba ta yarda a ƙara wa tsohuwa ba. A ƙaramar gunduma teburinta yana jikin ƙofar gidan wakafi, tana ganin gandiroban da suke raba dare tare ya koma 40,000, ita tana inda take. Haka mai binciken manyan laifuka da ba ya tare motoci, da mai tsaron kotu, da mai jigilar fursunoni. Ma'aunin tare mota yana tura sherif ya sake rubuta bayanin aikin mutanensa, ko ya fitar da mai bincike ya je ya tare motoci don kawai ya shiga layi, alhali fayil ɗin fashi yana jiransa a tebur. Ma'aunin ya zama lasisi: duk mai lasisin ɗan sanda, ko na gandiroba, ko na karɓar kiran gaggawa, da ke aiki cikakken lokaci a ofishin sherif, ya samu nasa matakin.

Ko a cikin waɗanda aka ƙara wa, tsugune ba ta ƙare ba. Sajan da ya shekara goma sha biyu yana karɓar 46,000 ya tashi ya tarar yaron da ya fito makarantar horo jiya yana karɓar 45,000. Dokar ta ba da damar a ƙara wa sajan daga ragowa, amma mun ga a lissafin sama cewa sau da yawa ragowar ba ta nan. Shi kuma sajan shi ne wanda ya san kowace ƙofar gona, ya san gidan da ake shiga da lallami, shi ke koya wa sababbi aiki a watanninsu na farko a hanya. In ya koma wata babbar gunduma ko kamfanin mai, abin da ya tafi da shi ba ya sayuwa da tallafi. Ƙaramin kaso na daban don ƙarin shekarun aiki da na matakin lasisi zai toshe wannan ɓaraka, kuma ba zai ci kuɗi da yawa ba.

Rabon da aka yi bisa yawan jama'a shi ma yana buƙatar gyara, don yawan jama'a ba shi ne yawan aiki ba. Gundumar Loving tana da mutum 64 a ƙidayar 2020, tana kuma cikin mataki ɗaya da Brewster mai mutum kusan 9,500 da faɗin kusan murabba'in kilomita 16,000, wato kusan kashi huɗu cikin biyar na faɗin jihar Kano. A Brewster kira ɗaya daga kudancin gundumar yana iya cin fiye da awa guda a hanya kafin a isa, kuma babban yanki na ƙasarta gandun Big Bend ne na tarayya, wanda ba ya biyan harajin kadara sai ɗan abin da tarayya ke bayarwa a madadinsa. Gunduma mai mutum 10,100 da mai 49,000 kuɗinsu ɗaya, 350,000, alhali ta biyun tana iya samun gandirobobi ninkin na ta farko sau uku ko huɗu. Mai 9,900 kuwa ta rasa dala 100,000 saboda mutum ɗari. Sannan ƙidayar da doka ke amfani da ita ta 2020 ce, za ta kuma tsaya haka har ta 2030 ta fito, duk da cewa gundumomi irin su Kaufman a gefen Dallas sun cika sun batse tun daga lokacin, kuma a yankin haƙar mai na yamma masu kwana kaɗan ne, masu yini da manyan motocinsu a kan hanyar 285 ba su shiga ƙidayar gundumar ba. Ku bar wani kaso na bai-ɗaya ga kowa, sauran ku raba shi bisa abin da ake iya aunawa: matsakaicin yawan waɗanda ke tsare a rana, wanda gundumomi ke kai rahotonsa ga hukumar kula da gidajen wakafi kowane wata, da faɗin ƙasa, da darajar kadarar da ake iya sa wa haraji idan aka raba ta da yawan jama'a.

Akwai wani lissafi da ya kamata ya zauna a gaban duk wanda zai yanka waɗannan matakai. Shekara tana da awa 8,760. Ma'aikaci mai awa 40 a mako yana da 2,080 a takarda, in aka cire hutu da rashin lafiya da ranakun horo da zaman kotu, abin da ke saura bai wuce 1,800 ba. Ke nan kujera ɗaya da ba a barinta babu kowa tana cin mutum biyar. Mataimaki ɗaya tak a kan hanya dare da rana, a mafi ƙarancin albashi, dala 225,000 ne kafin haraji da fansho da inshora da fetur, kusan duk tallafin ƙaramar gunduma. Gidan wakafi kuwa ba a yi masa ciniki: ƙa'idar jiha gandiroba ɗaya ne ga fursuna 48, a leƙa kowa ido da ido aƙalla sau ɗaya a awa, duk minti 30 ga mai taɓin hankali ko wanda ake tsoron zai hallaka kansa. Gidan mai fursuna 12 da mai 48 duk kujera ɗaya suke buƙata, shi ya sa ƙaramin gida ya fi tsada a kan kowane mutum, ga kuma buƙatar mace a kan aiki in akwai mata a tsare. In gandirobobi biyu suka ajiye aiki a wata ɗaya, sauran sai su shiga yin aikin mutum biyu-biyu, gajiya ta sa a tsallake zagaye, mai duba gida daga Austin ya zo ya tarar da giɓi a littafi, a ayyana gidan bai cika ƙa'ida ba. Daga nan sai kwasar fursunoni zuwa wata gunduma, a biya ta kuɗin kowane kai a kowace rana, mataimaki kuma ya ƙare a jigila tsakanin can da kotu. Ko Harris, gundumar Houston da ta fi kowace girma, ta kai ga tura fursunoninta Louisiana da Mississippi saboda cunkoso da ƙarancin ma'aikata.

Dokar ta faɗi albashin shekara, ba ta faɗi na awa nawa ba, kuma wannan ƙofa ce. A tsarin awa 12, ma'aikaci yana yin awa 2,184 a shekara, sai 40,000 ɗin gandiroba ta sauko daga dala 19.23 a awa zuwa 18.32. Dokar ƙwadago ta tarayya ta yarda kada a fara biyan jami'in tsaro ninki ɗaya da rabi sai ya wuce awa 171 a kwana 28, ofishin da jami'ansa ba su kai biyar ba kuma ta ɗauke masa wajabcin gaba ɗaya. Ku rubuta matakin da awa tare da na shekara.

Kun hana gunduma ta rage kasafin sherif saboda tallafi ya shigo, kuma hakan daidai ne. Amma ba ku hana ta tsayar da shi wuri ɗaya ba. In sauran ma'aikatan gunduma suka samu ƙarin kashi 4 cikin 100 aka ce na ofishin sherif ai sun riga sun samu nasu daga jiha, bayan shekara uku an rage kasafin a zahiri ba tare da an karya harafi ɗaya na doka ba. Sherif da kansa yana da kwamitin da zai kai kokensa kan albashinsa a matsayinsa na zaɓaɓɓe, mataimaki da gandiroba ba su da shi. A gwada kason ofishin sherif a cikin kasafin gunduma na shekara uku kafin tallafi, a ce kada ya yi ƙasa da hakan sai da dalilin da aka bayyana a zaman majalisar kwamishinoni a bainar jama'a.

In maganar tushen kuɗi ta taso, za a kawo muku shawarar ƙara wani abu a kan kuɗin kotu ko tarar hanya. Muna roƙonku da babbar murya ku ƙi. Duk inda aka haɗa aljihun ofishin tsaro da yawan waɗanda ya kama ko ya tsare, an buɗe ƙofar zalunci, kuma talaka ne ke biya. Alabama ta ɗanɗana: tsohuwar dokarta tana ba sherif dala 1.75 a rana don ciyar da fursuna, abin da ya rage ya zama nasa. A 2009 alƙalin tarayya ya kwanar da sherif na gundumar Morgan a ɗaki saboda yunwar da fursunoninsa ke ciki, bayan ya tara fiye da dala 200,000 daga kuɗin abinci. A 2018 aka gano na gundumar Etowah ya riƙe fiye da 750,000 cikin shekara uku. Sai a 2019 jihar ta rufe wannan hanya. A Missouri kotun ƙolin jihar ta soke dala 3 da ake ɗora wa masu shari'a don fanshon sherif a 2021, da aka mayar da maganar gaban masu zaɓe a 2024 suka ƙi. Albashin mai tsaron jama'a daga baitulmalin jama'a ya kamata ya fito.

Tun da kuɗin jama'a ne, a nemi wani abu a madadinsa. Sandra Bland ta rasu a gidan wakafin gundumar Waller a Yulin 2015, kwana uku bayan an tare ta a hanya, kuma dokar da ke ɗauke da sunanta ta 2017 ta ƙarfafa tantance lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin shigar da mutum, ta kuma ce wata hukuma ta daban ce za ta binciki duk mutuwar da ta faru a tsare. Albashi mai kyau yana riƙe gandiroba har ya ƙware, amma ba ya maye gurbin sa ido. Duk ofishin da ke karɓar tallafi ya buga sau ɗaya a shekara: guraben da ke babu kowa, mutum nawa suka shigo nawa suka fita, awannin ƙarin lokaci, matsakaicin lokacin isa wurin kira, sakamakon binciken gidan wakafi, da ko an kai rahoton kowace mutuwa ga babban lauyan jiha cikin kwana 30 da doka ta gindaya. Ofishin da ya faɗi binciken sau biyu a jere kada a yanke masa kuɗin albashi, don hakan zai ƙara dagula gidan ne. A dakatar da kason motoci da bindigogi, a karkata shi ga gyaran abin da aka samu. Da waɗannan alƙaluma ne ma za ku iya sanin ko 45,000 ta riƙe mutane ko kuwa tana horar da su ne kawai don manyan birane su ɗauke.

Na ƙarshe ƙarami ne amma yana iya jawo asarar shekara guda. Gunduma tana da kwana 30 kacal daga farkon shekarar kuɗinta ta shigar da takardar nema, wasu a Oktoba wasu a Janairu, daidai lokacin da ake rufe littattafan bara. Gundumar da ba ta kai mutum 10,200 ba doka ba ta ma wajabta mata mai binciken kuɗi ba, aikin sai ya faɗa kan alƙalin gunduma da ma'aji da akawu ɗaya. Gundumar da ta cika rahotonta na bara lafiya, a sabunta mata tallafin kai tsaye, wadda kuma ta makara a ba ta ƙarin kwana 30 bayan kwanturola ya aika mata da tunatarwa a rubuce.

Allah ya yi muku jagora a zaman da ke tafe.

Naku,
Wasu Hausawa mazauna Texas, masu aikin tsaron gidajen wakafi da lissafin kuɗin gundumomi